Layin waya a tafiyar sari: abin da za a kunna da abin da za a kashe

Tambaya: Malam, ina zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin saro kaya, wani lokacin in biyo ta Dubai. A tafiyata ta baya na zuba kati mai yawa a layina, kafin kwana biyu ya ƙare, alhali ban yi wani kiran kirki ba. Abokiyar tafiyata ta ce nan gaba in cire layin in sayi na can. Wanne ya fi min sauƙi?

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka a neman. Shawarar abokiyar tafiyarki rabinta daidai ne. Ki sayi layi na biyu don data, amma kada ki kuskura ki cire layinki na gida.

Bari mu fara da inda katin ya tafi. Idan kin sauka a wata ƙasa, kamfanin layinki ba shi da turakun sabis a wurin, sai ya jingina ki da wani kamfani na can. Wannan shi ake kira romin. Kamfanin can zai caji naki, naki kuma ya ɗora ribarsa kafin ya cire daga katinki, kamar dai kayan da suka bi ta hannun dillalai biyu. Idan ba ki sayi ƙunshin tafiya ba, wato datar romin da ake saye a dunƙule, megabait-megabait ake lissafa miki, a farashi mafi tsada. Kuma wayar ba ta jiran izininki. Tana cikin jaka tana sauke bidiyon da aka turo zaurukan WhatsApp, tana sabunta manhajoji, tana ɗora hotunan samfurin da kika yini kina ɗauka a rumfuna zuwa ma'ajiyar Google ko iCloud. Ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: a romin, ko ke aka kira kika ɗaga, yawanci sai an caje ki.

To me ya sa na ce kada a cire layin? Saboda bankinki wannan lambar ya sani. Ki ɗauka kina tsaye gaban mai kaya, kun gama ciniki, ya rubuta rasit, kin buɗe manhajar banki za ki tura kafin alƙalami, sai banki ya aika lambar sirri ta tes, wato saƙon SMS, zuwa layin da ke kwance a aljihun akwati a masauki. Lambar nan mintuna kaɗan take yi ta mutu. Kafin ki je ki dawo, wani ya biya ya kwashe kayan. Wannan asarar ta fi kuɗin datar tafiya goma, kuma ita na fi ji miki tsoro. Karɓar tes a waje kyauta ne a yawancin kamfanoni, amma sai an buɗe wa layin romin. Ki tabbatar da hakan tun kina gida, domin gyara shi daga waje wahala ne. Ki kuma sanar da banki ranakun tafiyarki, kada su ga ana cire kuɗi daga wata ƙasa su rufe katin bankinki.

Tsarin da nake ba matafiya shi ne waya mai layi biyu. Na gida ya zauna a kunne don tes kawai, a shiga saitin waya a kashe masa datar romin. Na biyun shi zai ɗauki nauyin intanet.

Zaɓen na biyun ya danganta da ƙasar. A Sin an toshe WhatsApp da Facebook da Gmail, don haka idan kin sayi layin can, ko kin hau Wi-Fi na otal, ba za su buɗe ba. Amma datar romin ta kan bi ta kamfanin da ya ba da layin, a wajen ƙasar, shi ya sa yawanci suke aiki a kanta. Ga wadda abokan cinikinta ke jiran hoton kaya ta WhatsApp su ce a saya ko a bari, ƙunshin tafiya na kamfaninki ko eSIM na matafiya ya fi layin can amfani, ko da ya ɗan fi tsada. Shi eSIM layi ne da ake saukewa cikin waya ba tare da an zura komai ba. iPhone ta fara karɓarsa daga samfurin XS na 2018, manyan wayoyin Samsung ma da yawa suna karɓa. Ki sauke shi kafin ki tashi, kuma ki sani galibinsu data ce zalla, babu lambar kira. WeChat da Alipay, waɗanda masu kaya a Sin ke ciniki da su, su ma ki buɗe su tun a gida, domin rajistarsu na bukatar tes.

Dubai daban take. Saƙon rubutu da na murya suna tafiya a WhatsApp, amma kira ba ya shiga a layukan ƙasar, sai ta manhajojin da aka amince da su irin su Botim. A can layin baƙi ya wadatar, da fasfo ake yankarsa. Idan wata rana harka ta kai ki Turai, layin da aka saya a ɗaya daga ƙasashen Tarayyar Turai yana aiki a sauran ba tare da ƙarin kuɗin romin ba tun 15 ga Yuni 2017, sai dai ki tambayi mai sayarwa ko ƙunshin da ya ba ki ya haɗa da hakan.

Kafin ki biya kowane ƙunshi, ki yi tambaya uku: kwana nawa yake yi, ya haɗa da ƙasar da za ki yada zango, kuma me ke faruwa idan ya ƙare? Ta ukun ce mai muhimmanci. Wani yakan yanke kawai, wani kuwa ya koma cin kati a tsohon farashi ba tare da kin ankara ba. Saboda haka kada ki bar kati mai yawa a layin gida.

Kuɗin da kika kashe kan waya kuma ki shigar da shi littafi tare da tikiti da masauki da dako, ki raba shi kan kayan kafin ki yanke farashin sayarwa.