Dekin yana yoyo: ko a ɗora masa rufin kwano mai gangare?

Tambaya: Gidana rufin dekin ne, faɗinsa mita 8, tsawonsa mita 12. Sau biyu ana shafa masa kwalta, amma da ruwa ya sauko sai ɗigo ya dawo. Zan iya ɗora kwano mai gangare a kansa ba tare da na fasa dekin ba?

Amsa: Za ka iya, kuma sau da yawa ya fi a yi ta bin tsaga da kwalta. Dekin da ba a ba shi gangare ba ruwa yake kwanciya a kansa, rana kuma ta buɗa tsagar da aka liƙe, shi ya sa facin ba ya daɗewa.

Kafin ka kira kafinta, kira injiniyan gini ya duba dekin ta ƙasa. Idan akwai jan tabo a jikin silin, ko kankare yana ɓantarewa har rodi ya bayyana, to ruwa ya kai ga ƙarfen. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tura kankaren da ke lulluɓe da shi. Sai a sassaƙe wurin, a goge tsatsar, a cike, sannan a bar dekin ya bushe sarai. Kwano zai hana sabon ruwa shiga, amma ba zai warkar da ruɓaɓɓen rodi ba.

Nauyi ba shi ne babbar damuwa ba. Dekin mai kaurin santimita 15 yana kai kilo 360 a kowace murabba'in mita, kwano da katakonsa kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Inda nauyin zai sauka ne abin lura: a kan bango ko bim (doguwar gadar kankare da ke tallafe dekin), ba a tsakiyar dekin ba.

Iska ce ke yaye irin wannan rufi, domin ɗaga shi take yi sama. Kada ka yarda a ajiye katako kawai a buga masa ƙusar kankare. A shimfiɗa katakon tu-bai-fo mai maganin gara a bisa layin bango, a sa leda mai kauri a ƙarƙashinsa saboda danshi, a ɗaure shi da noti mai kaurin milimita 12 da aka dasa cikin kankare, tazarar kamar mita ɗaya. Kowace rafta kuma, wato katakon da ke bin gangaren rufin, a kama ta da maɗaurin ƙarfe.

Gangaren kada ya gaza digiri 15. A faɗin mita 8, rufi mai fuska biyu zai tashi mita 1 da ɗan ɗoriya a tsakiya. In ya kwanta fiye da haka, iska kan koro ruwa ya hau ta mahaɗar kwano. Katakon da ake buga kwano a kai a jera shi tazarar santimita 60 zuwa 90, gwargwadon kaurin kwanon. Kwano ya hau ɗan'uwansa da santimita 15 zuwa 20 ta tsawo, a buga ƙusa a kan tudun kwano, ba cikin kwarinsa ba.

Idan akwai gajeriyar katanga da ta kewaye dekin, gara kwanon ya haye ta ya zarce bango da kamar rabin mita. Masu ɓoye rufi a bayan katanga don kyan gani sukan dawo da yoyon da suka gudu, don magudanar ciki tana toshewa da ganye. Lissafa ka gani: ruwan milimita 30 a rufinka ya kusa lita 2,900.

A bar kafofin shan iska a ƙarƙashin bakin rufin da kusa da ƙololuwarsa, a sa musu raga saboda tsuntsaye da jemagu, in ba haka ba kwano zai yi gumi ya ɗiga kan katako. Ka kuma nemi izinin hukumar tsara gine-gine kafin a fara, tunda tsayin gidan zai ƙaru.