Wace bindiga mai sauƙin kuɗi zan saya don farautar elk (wata irin ƙatuwar barewa) a tsaunukan jihar Colorado ta Amurka?

Ɗan uwa, ka ce kuɗinka ba yawa kuma karon farko kenan zaka shiga farautar elk a Colorado, to gaskiya ba sai ka sayi mai tsada ba. Duba Ruger American ko Savage Axis, suna da araha kuma saitinsu na da kyau, in aljihu ya ɗan yarda Tikka T3x Lite ta ƙasar Finland ta fi su laushin aiki kuma bata da nauyi, wannan ba ƙaramin abu bane don tsaunukan can wasu wuraren sun haura mita 3,000, numfashi ma da ƙyar balle kana saɓe da ƙatuwar bindiga tun asuba.

Harsashi kam ni .30-06 ko .308 zan ce maka, kusan kowane shago akwai shi, ka nemi mai nauyin giren 165 zuwa 180 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) don namijin elk yakan kai kilo 300. Rabu da bindiga mai harsashin .300 magnum, dukan kafaɗarta sai ya sa ka fara tsoron kunamar.

Ragowar kuɗin sa shi a madubin saiti mai kyau da harsashin gwaji, sannan ka nemi lasisi da wuri.