Gejin tanki na yoyo? Ajiye gam ɗin tukuna

Ka ce tsohuwar motar nan, duk lokacin da aka cika mata tanki sai warin fetur ya tashi, kuma ka ga danshi kewaye da farantin gejin mai, wato abin da ke auna yawan man da ke cikin tanki. Kana tambaya ko ka shafe bakin da gam ɗin silikon ka ƙara ɗaure sukurorin. A'a, yarona, ko ɗaya daga cikin biyun kada ka yi.

Silikon da fetur ba sa ga maciji. Ranar farko zai yi maka kyau, wurin ya bushe, mai mota ya tafi yana godiya. Amma fetur yana kumbura shi, ya yi laushi, ya saki ƙarfe. Guntayensa su faɗa cikin tanki su toshe rariyar da ke bakin bututun tsotso, wanda ya tsallake kuma ya je ya zauna a kafireto. Yoyon zai dawo, ga mota tana shaƙewa a hanya, ka mayar da aiki ɗaya ya zama uku. Abin da ke riƙe fetur a wurin nan fuska biyu ne masu tsabta da suka miƙe sambal, da fakin da ya dace a tsakaninsu, wato shimfiɗar roba da ke toshe tsakanin faranti da tanki. Gam ɗan rakiya ne, sau da yawa ma ba a bukatarsa.

Kafin ka ɗauki sifana, cire kan batir, na as ɗin, wato wanda wayarsa ke haɗe da jikin mota. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ya gangara cikin ramin gareji ya jira tartsatsi. Ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifili fetur yana fitar da tururin da zai kama wuta, balle a zafi. Kuma tankin da aka zuƙe ya fi cikakke haɗari, domin tururi da iska ne suka cika shi. Saboda haka ba fitilar da ake jonawa da wayar lantarki, ba injin gurza ƙarfe, ba mai walda a kusa, abin kashe gobara kuma yana inda hannunka zai kai. In za ka rage mai, da famfon hannu za ka zuƙa, kada in ga tiyo a bakinka.

Yanzu, ka tabbata ma fakin ne ke yoyon? Danshi kawai ka gani, shi kuwa fetur yana bin ƙarfe ya yi tafiya. Goge wurin ya bushe ƙarau, barbaɗa farar hoda a kan farantin da kewayensa, sannan a zuba mai har ya kai wurin, ko ka girgiza motar. Tsaya ka zuba ido. Inda hodar ta fara yin duhu, nan ne bakin zaren. Idan a gefen faranti ne, fakin ne. Idan a ƙarƙashin kan sukuru ne, fetur ya biyo zaren sukurun ya hau. Yana iya zama a gindin ƙarfen da wayar geji ke kamawa, ko inda aka liƙa bututu da dalma, ko kuma tsatsa ta huda tankin a kusa. Kowanne maganinsa daban, sabon fakin kuwa na farkon kaɗai yake warkarwa.

Gejin tsofaffin motoci iri biyu za ka riƙa gani. Akwai mai sukurori, kamar na Volkswagen Beetle da ke saman tanki da sukuru biyar. Akwai mai zoben kulli da ake juyawa, kamar na MGB na baya-baya, wanda yake a gefen tanki, shi ya sa nasa yoyon ba ya jiran sai an cika taf.

Mai sukurori shi ne hannun mutane ya fi ɓatawa. Duk wanda ya ga danshi sai ya ƙara ɗaurewa, har farantin ya lotsa a kewayen kowane rami, tsakanin ramukan kuma ya ɗaga. Ka ga dalilin da na hana ka ƙara ɗauri. Cire shi, kankare tsohon fakin da abin roba ko katako, ka cusa tsumma mai tsabta a bakin tanki kada datti ya faɗa. Ɗora rula ta ƙarfe a kan farantin ka ɗaga shi wajen haske. In haske yana ratsawa ta ƙarƙashin rular, kai shi kan benci, nesa da motar, ka miƙar da shi a hankali da ƙaramar guduma. Bakin tankin ma ka gwada shi haka. A yawancin masu rami biyar tazarar ramukan ba ɗaya ba ce, fuska ɗaya kawai suke zama, don haka juya fakin har duk ramukan su hau juna, kada ka tilasta. Kowane sukuru ya samu sabuwar washa ta jan ƙarfe ko ta faiba, domin sau da yawa ramukan sun zarce har cikin tanki. Nan ne kaɗai nake yarda da gam, shi ma wanda ba ya ƙanƙarewa kuma aka yi shi don fetur, irin Hylomar Blue, ɗan kaɗan a jikin zaren. Ɗaure su tsallake-tsallake, zagaye biyu ko uku, da sukudireba a hannu. Da ka ga fakin ya fara leƙowa ta gefe, ka wuce gona da iri.

Mai zobe bai cika wahala ba. Robar tana zama tsakanin tanki da faranti, zoben a sama. Shafa mata ɗan man inji don kada ta murɗe, daidaita haƙorin farantin da gurbinsa, ka riƙa buga kunnuwan zoben bi da bi da sandar tagulla ko katako mai tauri. Ƙarfe a kan ƙarfe yana ba da tartsatsi, kada ka kusanto da cizal. In zoben ya juya har ƙarshe ba tare da ka ji ya yi tauri ba, tudunsa ya cinye, sai sabo.

Maganar fakin kanta. Kada ka yanko shi daga tsohon tib na taya, robar tib kumbura take yi a fetur. Roba mai jure fetur ake nema, nitril ko Viton, ko kok da aka gauraya da nitril. Fetur ɗin yanzu a ƙasashe da dama yana ɗauke da etanol har kashi 10 cikin 100, kuma yana cin tsohuwar roba da motocin nan suka fito da ita. In ba ka yarda da abin da aka sayar maka ba, yanki ɗan guntu ka jefa a kwalbar fetur ka rufe ya kwana. In da safe ya kumbura ko ya yi yauƙi, jefar da shi.

Idan kuwa hodar ta nuna gindin waya ne, robar da ke raba shi da faranti ta mutu, sai a canja gejin gaba ɗaya. A nan ka kula, ba kowane geji ke magana da kowane agogon mai na gaban direba ba. Motocin General Motors kafin 1965 om (ma'aunin juriyar lantarki) 0 zuwa 30 suke amfani da shi, daga 1965 suka koma 0 zuwa 90, tsofaffin Ford kuwa kusan 73 in tanki ba kome, 10 in ya cika. Auna tsohon da mita kafin a sayo sabo. Tun da yana hannunka, girgiza fulot ɗin, wato abin da ke yawo a kan mai, kusa da kunnenka: in ka ji mai yana motsi a ciki, ya huje, shi ya sa allura take kwanciya. Huda ta tsatsa kuwa ba aikinka ba ne tukuna, tankin zai sauko, ni zan duba shi.

Abu ɗaya da yara ke mantawa shi ne numfashin tanki. In bututun iska ko ramin murfi ya toshe, rana ta buga tanki, tururi zai nemi hanya, kuma ta sabon fakinka zai bi. Busa shi ka tabbata a buɗe yake. Kada kuma ka gwada tanki da iskar kwamfaresa, za ta kumbura shi ko ta fasa ɗinkinsa.

In ka gama, mayar da wayar geji da ta as, sake barbaɗa hoda, ka kira ni kafin a zuba mai. Za mu cika tankin, a zaga da motar, ta kwana a nan, da safe mu sake duba hodar kafin a kira mai ita.