Jarin Kwari a cikin jiragen wasa na Ingila

Wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari ya aiko da tambaya. Ya ce ƙanensa da ke zaune a Manchester ya ja shi wata harka, sayen ƙananan kawunan jirgin ƙasa na ado, irin samfurin tsofaffin jirage masu kwal da tururi, waɗanda kamfani ke bugawa ƴan kaɗan da satifiket. Cikin shekara biyu ya tura fam 9,000, an tara kai wajen 40, ƙanen ya ce yanzu sun kai fam 15,000, kuma yana neman a ƙaro fam 5,000 don wasu sabbi za su fito. Wai ya ƙara ko kar ya ƙara?

Alhaji, na karanta saƙonka daga farko har ƙarshe ina neman wuri ɗaya da ka ce "mun sayar", ban gani ba. An saya, an saya, an ajiye, sun yi daraja. To wa ya taya? Wa ya biya? Kai da a shagonka ko yadi biyar yaro ya fitar sai ya shiga littafi, amma ka tura fam dubu tara ƙasar da ba ka taɓa zuwa duba kayan ba, babu rasit, babu jerin kaya, babu cinikin ko guda ɗaya, don kawai wanda ke riƙe da su uwarku ɗaya. Matsalarka kenan, jirgin da Ingilar duk masu sauƙi ne.

Ban ce ƙanenka ɓarawo ne ba fa, kar a kai ni gaban Hajiya. Abin da nake zargi shi ne son abin yake yi. Kuma mai sha'awar kaya ya fi ɓarawo wuyar sha'ani, domin shi ya yarda da lissafinsa har zuciya. Na taɓa zama da wani mai sayar da robobi da ya ba ɗan yayansa jari ya yi kiwon tattabarun ado. Yaron bai ci masa ko kwabo ba, kullum dai wannan ba ta isa sayarwa ba, waccan iri ce ba a rabuwa da ita, har ciwo ya shiga ɗakin a damina ɗaya. Da aka zo lissafi babu wanda ya iya cewa nawa aka zuba, zumunci kuma ya yi tsami har yau.

Wannan fam 15,000 ɗin, kusan na tabbata daga eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ya haɗo ta, ya duba kuɗin da mutane suka sa wa nasu ya tara. Kowa na iya sa wa kayansa kuɗin da ya ga dama ai. Akwai wurin da ake dannawa a ga waɗanda aka riga aka sallama da nawa aka sallama su, can zai duba maka. Daga nan a cire kuɗin aikawa da na kwali da la'ada. In gidan gwanjo aka kai, suna yankar nasu a wajen mai kaya kuma su ɗora wa mai saye nasa, shi ya sa tayin ke sauka. In kuma shagon da ke sayen na hannu aka kai wa duka a dunƙule, kar ka yi mamaki a taya rabin abin da kuka biya. Kai ɗaya ya tsaya muku kamar fam 225, ka lissafa da kanka.

Batun wai kaɗan aka buga kuwa, Alhaji kai ne za ka koya min. Sau nawa aka ce maka zanen atamfa ya ƙare, ka ɓoye dila kana jiran tashi, sai ga shi an sake bugo shi da ɗan canjin kala? Haka kamfanonin da ke ƙera waɗannan jiragen wasa, Hornby da Bachmann da Märklin, suke. Za a buga guda 500 ko 1,000 da satifiket, gaskiya ne, amma injin zubin yana nan, baɗi sai a fito da jirgin da wata lamba ko wani fenti. Flying Scotsman, wani shahararren kan jirgi na gaske da aka ƙera a garin Doncaster na Ingila a 1923, da ya cika shekara 100 a 2023 Hornby ba kala ɗaya ta fitar ba. Wani kan jirgin, Mallard, mai tarihin gudun mil 126 a awa a 1938, shi ma an buga shi an sake bugawa ba adadi. Mafi muni, in suka sabunta zubin ya fi na da kyau, tsohon da ke cikin kwalinku sai ya faɗi warwas. Kuma kusan duk wanda ya sayi mai satifiket ajiyewa ya yi bai buɗe ba, da irin tunanin ƙanenka, to ina ƙarancin yake? Waɗanda ke yin kuɗin gaske tsofaffi ne na kafin yaƙin duniya na biyu, da yara suka yi wasa da su suka lalata, ƴan kaɗan suka tsira da kwalinsu. Gane na gaske a cikinsu kuma ilimi ne na shekaru.

Sannan ka tambayi su wa ke saye. Galibi dattawan Turawa ne da suka taso suna ganin jirgin kwal, kuma in ɗaya ya rasu magada sukan kwashe ɗaki guda su zube a gwanjo. Hattons, babban shagon wannan harka da aka buɗe a Liverpool a 1946, ya rufe a 2024. Märklin ta Jamus da ta faro tun 1859 sai da ta durƙushe a 2009 kafin wasu su saye ta. Masu abin kenan. Kuma kar ka ce in ta ƙi can a kawo gida, duk da jirgi ya iso Kano tun 1911 ban san layin da za ka kasa wannan kaya a taya maka ba.

Ajiyar ma ba kyauta ba ce. Danshin Ingila na cin kwali, kwali ya lalace kuɗi ya ragu, man cikin injin yana daskarewa, wasu ma ƙarfen gindinsu kan kumbura ya tsage da kansa.

Don haka kar ka tura ko fam ɗaya yanzu. Ka kira shi cikin mutunci ka ce kana rufe littafin shekara, ya turo jerin kowane kai, sunan kamfani, lambar da ke jikin kwali, ranar saye, nawa aka biya, da hoto. Sai kai ka zaɓi biyar da hannunka, kar ka bar shi ya zaɓa, ka ba shi wata biyu ya sayar kuɗin su shigo asusunka. In sun dawo da uwar kuɗi har da ɗan abin shan ruwa, ka sake rubuto min mu duba sauran. In ya fara cewa wannan ba yanzu ba, wancan a jira Kirsimeti, to ka yi masa tayin ya saye rabonka ya riƙa biyanka wata-wata, a rubuce, da shaidu biyu cikin dangi. Fam 5,000 ɗin kuma ka sa ta a shadda kafin azumi ya matso.