Shin sai mun watsar da katalog ɗinmu na MARC?

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar laburare ce a wata kwaleji. Wani ɗan kwangila ya shawo kan shugabanninmu, wai zamanin MARC, tsarin da muke rubuta bayanan littattafai da shi a kwamfuta, ya wuce, zai sayar mana da manhajar da za ta mayar da katalog ɗinmu haɗaɗɗun bayanai, wato bayanan da aka ɗaura da na wasu a intanet. Wahalar da muka sha ta tashi a banza ke nan?

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki, kada ki bari a goge ko layi ɗaya. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, inda aka haifi MARC, ya fitar da BIBFRAME, tsarin haɗaɗɗun bayanai da ake son ya gaji MARC, tun 2012, amma har gobe yana rarraba bayanansa a MARC. Babban laburaren ƙasar Suwidin sai 2018 ya sauya zuwa haɗaɗɗun bayanai. Ina mu ina gaggawa?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan zancen na cewa haɗaɗɗun bayanai kaya ne da ake saye a kwali. Kullum sai na ji shi. Wani ma ɗaukar hoton littattafai zai yi, ya jibge su a intanet, ya ce an gama, a yanka zare, a raba lemo. Ƙa'idar da Tim Berners-Lee ya shimfiɗa a 2006 a fili take: kowane abu a ba shi adireshinsa na dindindin, wato URI, sannan a ɗaura shi da adireshin wasu. To duba katalog ɗinki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Usman dan Fodio, Uthman ibn Fudi, ga kuma rubutun Larabci. Ke kin san mutum ɗaya ne. Ita kuwa kwamfuta mutum huɗu take gani, kuma huɗun nan manhajar ɗan kwangila za ta kwaso, kowa da adireshinsa. An biya kuɗi, an sa wa ɓarna sabuwar riga. Manhajar nan ta san wane Abubakar ne ya rubuta wane littafi? Mai katalog kaɗai ya sani.

Saboda haka ki fara da sunayen marubuta. Manhajar OpenRefine kyauta ce, za ta gwada miki su da Wikidata, rumbun bayanai na intanet da kowa ke iya ƙarawa a ciki. VIAF ma, kundin sunayen marubuta na laburaren duniya, a buɗe yake. Adireshin da kika tabbatar, ki saka shi a filin 100 na MARC, wato filin sunan marubuci, ƙarƙashin $0 ko $1, MARC ɗin nan da ake raina wa ya tanadi gurbinsa. Marubutanmu da babu su a Wikidata kuwa, ki shigar da su da hannunki. Shi kuma ɗan kwangila, ki ce ya gwada da bayanai 200 a gaban idonki kafin kowa ya sa hannu.