Hukuncin Ƙera Teburin Kwalabe Mai Taya

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni kafinta ne a Tudun Wadan Zariya. Wata hajiya mai shirin aurar da 'yarta ta nuna mini hoto a waya: ɗan teburi mai taya, hawa biyu, da ramukan kwantar da kwalabe da wurin rataye kofuna a kife. So take a sa shi cikin kayan jere. Yaron shagona ya ce giya Turawa ke ɗorawa a kai. Sai ga wani daga Sabon Gari ya ga wanda na fara, ya ce in yi masa, kuma bai ɓoye mini ba cewa na giyarsa ne. Ya halatta in karɓi ayyukan biyu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi maka albarka, ɗana, da ka tsaya tambaya kafin kuɗi su shiga aljihu.

Na mutumin Sabon Gari bai halatta ba, tunda da bakinsa ya faɗa. Allah Ya haramta giya a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma a aya ta 2 Ya hana taimakon juna a kan saɓo. A hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito, mutum 10 aka la'anta saboda giya, har da mai ɗaukar ta da mai zuba wa mashaya. Ta wannan ƙofa malamanmu na Malikiyya suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, alhali inabi halal ne. In ka karɓi kafin alƙalami, mayar masa cikin mutunci. Gado ko kujera kuwa, yi masa, babu laifi. Wanda kuma ya zo bai ce komai ba, ba ka ga alamar komai ba, ba a ɗora maka yi masa tambayar ƙwaƙwa ba.

Na hajiya halal ne a asali. Lokacin da tawagar ƙabilar Abdul Ƙais ta zo Madina, Annabi (SAW) ya hana su jiƙa dabino a mazubai 4, ciki har da duma da tulun da aka shafe da kwalta, don jiƙo yana saurin tsimuwa a cikinsu. Daga baya, a hadisin Buraida da ke Muslim, ya bayyana cewa mazubi ba ya halatta abu, ba ya haramta shi, kuma duk abin da ke sa maye haram ne. To katako da taya ma haka. Amarya ta ɗora fulas ɗin shayi, zobo da kunun aya, ta turo wa baƙi falo, wa zai hana ta? Ai sauƙi ne ga mai hidima da tire.

Amma akwai inda nake jin tsoro. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya kawo a littafinsa Ihya'u cewa da mutane za su ƙawata majalisa, su jera kofunan mashaya, su sa mai zagayawa yana zuba musu, suna gaisawa da gaisuwar mashaya, to sun yi haram ko da abin da ke kofin halal ne, saboda kwaikwayo. Wannan ba labarin da ba ne. A gidajen biki yanzu za ka ga an girgiza kwalbar lemon inabi, murfi ya yi tsalle, kumfa na zuba, samari na gwara kofuna. Babu maye a ciki, na yarda. Sai dai yaron da ya tashi yana ganin dogayen kwalabe kwance a falon uwarsa, ranar da ya ci karo da ta gaske ba zai ji ƙyamar da kakansa ke ji ba, kuma wannan ƙyamar katanga ce.

Shawarata: ka zauna da hajiya ku gyara fasalin. Cire ramukan kwalaben, sa aljihun cokula a wurin, ka kewaye hawan sama da ɗan shinge don kada fulas ya zame. In ta nace a bar shi yadda yake a hoto, don zobo, ba zan ce ka ci haram ba, amma ka bar abin da ya fi. In kuma ana so a yi wa ƙarfen teburin fentin ruwan gwal, ba komai. Ci da sha a mazubin zinariya ko azurfa na gaske ne aka hana a hadisin Huzaifa.

Wallahu a'alam.