Amsoshin Tambayoyinku: Libarbar Gwaji da Hotunanta

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina zaune a Houston ta jihar Texas, kuma na kamu da son tsofaffin bindigogi. Wani dillali ya nuna mini wata libarba marar lamba, ƙarfenta fari ba rini, ya ce tana cikin na gwaji da aka ƙera wa Samuel Colt, Ba'amurken nan da ya yi suna wajen ƙera libarba, tun kafin ya buɗe masana'anta. Dala 9,000 yake nema. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Gaskiya ne an yi irin waɗannan bindigogi. Kafin Colt ya sami takardar mallakar fasaharsa a Amurka a 1836, wani maƙeri a Baltimore mai suna John Pearson ne ya riƙa ƙera masa na gwaji da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Amma waɗanda aka sani ba yawo suke yi a jakar dillalai ba. Matar Colt, Elizabeth, da ta rasu a 1905 ta bar wa gidan tarihi na Wadsworth Atheneum da ke Hartford tarin bindigogin mijinta, sannan a garin akwai wani tarin na masana'antar a gidan tarihin jihar Connecticut.

Abin da ya ba ka sha'awa shi ne abin da ya kamata ya tsorata ka. Bindigar gwaji takan zo ba lamba, ba tambari, ba rini, kuma ba ta da 'yar'uwar da za a ajiye kusa da ita a gwada. Me ya fi wannan sauƙi a wurin mai yin jabu? Kamfanonin Italiya irin su Uberti da Pietta suna ƙera kwafin tsofaffin libarbobin Colt, kuma sana'arsu halas ce, domin da tambarinsu suke sayarwa. Mugu ne ke sayen ɗaya, ya goge tambarin da zarto, ya jiƙa ta ta yi tsatsa, ya ƙwanƙwasa ƙotar ta yi tabo, sai ya ɗora mata labari. In ka tambayi takarda ya ce ai gobarar 1864 ta cinye. An yi gobarar kuwa, ta ƙone masana'antar Colt da takardu masu yawa, shi ya sa ta zama mafakar maƙaryata.

Dubi farashin ma. Libarbar Colt Walker ta 1847 guda 1,100 aka ƙera, ba ta gwaji ba ce, amma a 2018 an yi gwanjon ɗaya a kan dala miliyan 1.84. To yaya za a yi wadda ta girme ta, wadda babu irinta, ta faɗo hannunka a 9,000? Araha ba ta ado.

In ranka ya ƙi haƙura, ka nemi salsalarta a rubuce: hannun wa ta fito, a wane gwanjo aka taɓa sayar da ita, wane littafi ya buga hotonta. Ka kai ta wurin masanin da ba shi da ko sisi a cinikin. Zai kwance noti ɗaya ya auna zarensa, domin na Italiya da awon milimita ake yanka su, na Amurka na wancan zamani kuwa ba haka ba. Zai karkata ta ga haske ya ga ko ƙarfen ya ɗan lotsa inda aka goge rubutu. Dillalin da ya ƙi yarda da wannan ya riga ya ba ka amsa. Kuma don Allah, duk tsohuwar da ka saya nan gaba, kada ka goge ta ta yi ƙyalli. Wannan duhun da shekaru suka shafa mata yana cikin abin da ake biya.

Tambaya: Ranka ya daɗe, daga Kaduna nake. Na ji an ce bindigar da ta tsufa ba ta bukatar lasisi. Zan iya yin odar ɗaya don ado a falo?

Amsa: A'a, Malam. Dokar tarayyar Amurka ce ta ware waɗanda aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, kuma ba ta tsallako teku ba. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, har da masu ƙyastu na zamanin da, sai da lasisin shugaban ƙasa. Tsufanta ba zai fitar da kai ba. Ka tara kundayen gwanjo da zanen takardun mallakar fasaha, waɗanda ake samu kyauta a intanet. Fara da ta Rollin White ta 1855, mutumin da Colt ya ƙi karɓar dabararsa ta huda gangar harsashi har baya, masu ƙera bindiga Smith & Wesson suka ɗauka suka ci moriyarta har 1869.

Tambaya: Malam, ina da hotunan libarbobin gwaji fiye da 600 da masu tarawa suka riƙa turawa juna. Duk suna cikin wayata. In sayi ma'ajiyar intanet ko faifan ajiya?

Amsa: Duka biyun, kuma wannan tambaya ta fi taɓa ni. Bindigar gwaji takan fito gwanjo sau ɗaya, wani attajiri ya saya ya kulle, sai a yi shekara 30 ba wanda ya sake ganinta. Hoton da wani ya ɗauka ran nan shi ne kaɗai abin da sauran duniya ke da shi. A 2017 kamfanin Photobucket mai ajiye hotuna a intanet ya sa kuɗi kusan dala 400 a shekara ga mai son hotunansa su ci gaba da bayyana a wasu shafuka, dare ɗaya hotuna masu ɗimbin yawa suka ɓace daga inda aka liƙa su. Wani shafin ajiye hotuna, TinyPic, ya rufe a 2019. Masu hotunan da yawa sun riga mu gidan gaskiya, ba mai sake ɗorawa.

Ka yi kwafi uku: kwamfuta, faifan ajiya, da ma'ajiyar intanet, kuma faifan ya kwana a wani gida daban. Ka nemi asalin hoton maimakon hoton allo. In za a turo maka ta WhatsApp, ka ce a turo a matsayin takarda, in ba haka ba zai matse shi har ƙaramin tambarin da ke gefen kunama ya dusashe, alhali shi ake nema.

Aikin da ya fi gajiyarwa shi ne rubutu, kuma shi mutane ke tsallakewa. Kowane hoto ka rubuta masa wanda ya ɗauka, yaushe, bindigar tana hannun wa ko wane gidan tarihi, da abin da aka faɗa a kanta kalma da kalma, ko da kana ganin kuskure ne. Ra'ayinka ka sa shi daban. Kafin ka yaɗa hoton wani ka nemi izininsa, ka kuma cire bayanin wurin da waya ke liƙawa a jikin hoto, kada ka nuna wa ɓarayi ƙofar gidan bawan Allah. Ka fara da hamsin ɗin da ka fi tsoron rasawa, yau da daddare.